Neman taimako: kurakurai wajen shigar da bayanan Excel cikin rumbun Access na ofishinmu

Akawun Kawo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina aiki ne a matsayin mai kula da bayanai a wata ƙungiyar gama kai ta manoma da ke da babban ofishinta a Kawo, cikin garin Kaduna, tana kuma da wakilai a Zariya da Saminaka da Kafanchan. Sunayen mambobinmu da lambobin wayarsu da lissafin takin da kowa ya karɓa da abin da ya biya, duka muna ajiye su ne a rumbun bayanai na Microsoft Access, fayil guda ɗaya da ke zaune a wata folda a kan kwamfutar shugaban ofis, mu bakwai kuma kowa yana buɗe shi daga tasa kwamfutar. Uku daga cikinmu suna haɗe da kebul, sauran huɗun suna kan Wi-Fi.

A ƙarshen kowane wata wakilanmu sukan aiko mini da fayilolin Excel, wasu lokuta kuma CSV, wato fayil ɗin rubutu zalla da waƙafi ke raba gurabensa, in shigar da su cikin rumbun. A da, lokacin da layukan ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, idan wani abu ya ƙi shiga sai in gyara shi da hannu in wuce. Amma bana, saboda rajistar damina, fayil ɗin da na haɗa ya kai layi 14,300, kuma tun ranar Litinin nake fama da shi ban yi nasara ba.

A gwajin farko aikin ya yi nisa sannan ya tsaya, ya nuna kuskure mai lamba 3052, wanda ke cewa an wuce adadin makullan da aka yarda a ɗora wa fayil. A gwaji na biyu, bayan na raba fayil ɗin gida biyu, kashin farko ya shiga, amma Access ya sanar da ni cewa ya share abin da ke cikin wasu gurabe a layuka sama da dubu shida, kuma layi 212 sun ɓace saboda saɓa wa makullin tebur, wato gurbin lambar da ke bambanta kowane layi. Da na duba teburin, sai na tarar gurbin lambar waya babu komai a kusan dukkan sabbin mambobi, ranar rajista kuma akwai ta a wasu, babu ta a wasu. Ina cikin shigar da kashi na biyu aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto na'urar Wi-Fi ta mutu, aka nuna mini kuskure 3043, na matsalar hanyar sadarwa ko diski. Washegari da safe ɗaya daga cikin ma'aikatanmu ta buɗe rumbun sai ya ce mata bai gane tsarin fayil ɗin ba. Na dawo da kwafin ranar Juma'a, wanda Allah Ya sa na ajiye a filasha, muka sake shigar da aikin kwana biyu da hannu.

Yanzu tsoro nake ji in sake gwadawa, ga shi kuma ana son kammala lissafin kafin motocin taki su iso. Shin laifin daga fayilolin wakilan yake, ko daga Access, ko kuwa daga yadda muka haɗa kwamfutocin? Kuma daga ina ya kamata in fara? Na gode.

Injiniya Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Malam Akawu. Sannu da fama. Abin da ka bayyana ba matsala ɗaya ba ce, matsaloli uku ne da suka taru a kanka a mako guda, kuma muddin ka ci gaba da gwaji a kan ainihin rumbun da mutane ke aiki da shi, ba za ka taɓa gane wacce ce ke haifar da wacce ba. Saboda haka kafin komai, ka jira kowa ya rufe, ka kwafi fayil ɗin zuwa kan kwamfutarka, duk gwajin da za ka yi daga yau ka yi shi a kan wannan kwafin. Duk kuskuren da ya ɓace bayan ka yi haka, na hanyar sadarwa ne. Duk wanda ya biyo ka har kan kwamfutarka, na bayanan ne.

Bari in fara da na bayanan, domin su ne suka fi yawa. Idan ka maimaita shigarwar a kan kwafin, ka duba jerin teburan rumbun za ka ga wani sabon tebur da ba kai ka ƙirƙira ba, sunansa yana ƙarewa da ImportErrors. Mutane da yawa share shi suke yi ba tare da sun buɗe ba, alhali kuwa shi ne ke faɗa maka irin kuskuren da gurbin da lambar layin da abin ya faru. Ina kyautata zaton mafi yawan abin da za ka gani a ciki shi ne "Type Conversion Failure" a gurbin lambar waya, kuma dalilin a fili yake. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11, tana farawa da sifili. Excel yana ɗaukar ta a matsayin adadi, sai ya yar da sifilin farko, lambar da ta fara da 0803 ta koma wani adadi da ya haura biliyan takwas. Idan wanda ya gina muku rumbun ya sa gurbin a matsayin Long Integer, iyakar abin da yake ɗauka shi ne 2,147,483,647, don haka babu lambar wayar da za ta shiga, sai Access ya bar gurbin fayau ya ci gaba. Lambar waya da NIN da BVN da lambar asusun banki mai alƙaluma 10 ba adadi ba ne, domin babu wanda zai taɓa tara su ko ya raba su. Rubutu ne, kuma a matsayin Short Text ya kamata a ajiye su. Ka kuma lura da wakilin da ya rubuta lamba da 234 a gaba, domin ta zama alƙaluma 13, Excel yakan nuna ta da siffar 2.35E+12, idan kuma aka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, to alƙaluman ƙarshe sun tafi ke nan, sai dai a koma ga wakilin.

Batun ranar rajista ya fi wannan haɗari, kuma ina roƙonka ka tsaya a kansa da kyau. Mu a nan muna rubuta rana, sannan wata, sannan shekara, amma yawancin kwamfutocin da ake sayowa a kasuwa, musamman na hannu, suna zuwa ne da saitin Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana. Idan aka buɗe CSV a irin wannan kwamfutar, 25/04/2024 ba za ta karantu ba tunda babu wata na 25, sai ta zauna a matsayin rubutu, daga baya ta ƙi shiga rumbun. Waɗannan su ne ka ga babu komai, kuma su ne masu sauƙi, domin sun yi ƙara ka ji su. Amma 05/04/2024 za ta shiga salin-alin a matsayin 4 ga Mayu maimakon 5 ga Afrilu, babu teburin kurakuran da zai ambace ta, sai ranar da manomi ya zo da rasit a hannunsa yana musu da ku. Hanyar gane su a Excel ita ce ka faɗaɗa ginshiƙin ka duba: kwanan wata na gaskiya yana jingina da dama, wanda ya zama rubutu yana jingina da hagu. Idan ka ga ginshiƙi ɗaya ya cakuɗa biyun, kada ka amince da ko ɗaya daga ciki.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta Access da ya kamata ka sani: idan yana karɓar fayil ɗin Excel, layuka takwas na farko yake dubawa ya yanke hukunci a kan irin bayanan da ke kowane ginshiƙi. Idan lambobin katin mambobi takwas na farko alƙaluma ne zalla, na layi na ɗari tara kuma yana da harafi a gaba, to na ɗari taran ya faɗi.

Maganin duk waɗannan guda ɗaya ne. Kada ka ƙara zuba fayil ɗin wakili kai tsaye cikin teburin mambobi. Ka ƙirƙiri teburin wucin gadi wanda kowane gurbinsa rubutu ne, babu makulli, babu wata ƙa'ida, ka zuba komai a ciki yadda ya zo, domin irin wannan teburin ba ya ƙin karɓar komai. A nan za ka tantance: lambar da tsawonta bai kai 11 ba, ranar da ba ta karantu ba, kuɗin da aka rubuta da alamar naira da waƙafi. Bayan ka gyara, sai ka kwashe masu kyau zuwa teburin ainihi, ka mayar wa kowane wakili da nasa gurɓatattun layukan.

Layuka 212 da suka saɓa wa makulli kuwa, ba lallai ne a ce maimaici ne duka ba. Access yana kiran abu biyu da wannan suna: layin da lambarsa ta riga ta kasance a teburin, da kuma layin da yake nuni ga abin da babu shi a wani teburin da aka ɗaure su tare, kamar mamba da aka rubuta masa lambar reshen da ba a yi wa rajista ba. Ka kuma danna Ctrl da End a Excel ka ga inda ya tsaya, domin sau da yawa akwai ɗaruruwan layuka marasa komai a ƙasa waɗanda ake ƙoƙarin shigarwa da makulli fanko.

Ka gwada waɗannan tukuna ka dawo mana, sannan mu yi maganar kebul da wuta.

Hajiya Mai Ƙididdiga:

Assalamu alaikum. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara basira. Ni daga Unguwar Rimi nake, na shafe shekaru ina harhaɗa bayanan da ake tattarowa daga ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, kuma akwai abu biyu da suka shafi sunayenmu na Hausa waɗanda littattafan koyon Access ba sa kawowa, domin waɗanda suka rubuta su ba su da Ɗanladi ko Sa'adatu a cikin jerin sunayensu.

Na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Access kansa ba shi da matsala da su, yana ajiye su daidai. Matsalar tana faruwa ne a kan hanya. CSV na yau da kullum da Excel ke adanawa yana amfani da tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai, mai lamba 1252, wanda babu waɗannan haruffan a cikinsa, haka ma alamar naira. Duk inda ya ci karo da su sai ya sa alamar tambaya, Ƙaura ta koma ?aura, kuma wannan ba ya gyaruwa, sai an koma ga ainihin fayil ɗin Excel. Akwai kuma akasin haka, inda aka adana fayil ɗin daidai da tsarin UTF-8 amma aka karanta shi da tsohon tsarin, sai ka ga ƙ ta zama Æ™, ɗ kuma ta zama É—. Wannan na biyun alheri ne idan aka kwatanta, domin bayanan suna nan lafiya, karatun ne kawai ya karkace. A tagar shigar da fayil ɗin rubutu akwai maɓallin Advanced, a ciki za ka zaɓi Unicode UTF-8 a wajen Code Page, a nan ne kuma za ka faɗa masa cewa rana ce ke zuwa kafin wata. Ka adana wannan saitin da suna domin kada ka riƙa maimaita shi kowane wata. Su kuma wakilai a ce musu su aiko da Excel ɗin yadda yake, ko su zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa, wanda yana nan a sabbin nau'o'in Excel.

Na biyu shi ne alamar da ke cikin sunaye irin su Isma'il da Rabi'u da Asma'u da Shu'aibu, har da 'Yar'aduwa. Idan akwai wani maɓalli a rumbunku da wani ya rubuta masa umarnin VBA, wato harshen shirya manhaja da ke cikin Access, don ya riƙa shigar da layuka ɗaya bayan ɗaya, wannan alamar ita ce dai wadda SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ke amfani da ita wajen buɗe rubutu da rufe shi, don haka da ya iso kan Isma'il sai ya ɗauka sunan ya ƙare a Isma, ya tsaya da kuskure 3075. Na taɓa ganin ofishin da ya warware wannan ta hanyar umartar ma'aikata su daina sa alamar gaba ɗaya, wanda a ganina zalunci ne ga masu sunayen, bayan gyaran bai wuce a ninka alamar sau biyu a cikin umarnin ba, ko a yi amfani da kweri, wato ajiyayyen umarni na rumbun, mai karɓar ƙima daga waje. Ka kuma sani cewa alamar tana zuwa da siffa fiye da ɗaya: wadda madannin kwamfuta ke bugawa a miƙe take, wadda waya ko Word ke sakawa kuma a lanƙwashe take. A ido kusan ɗaya suke, amma a wurin rumbun Sa'adu biyu ne daban, kuma ta nan mutum ɗaya yake samun rajista biyu ya karɓi taki sau biyu. A teburin wucin gadin da Injiniya ya ambata, ka mayar da su duka siffa guda kafin ka nemi maimaici.

Ƙarin abu kaɗan: sunayen da aka kwafo daga WhatsApp ko daga shafin intanet sukan zo da wani fili ɓoyayye mai lamba 160, wanda umarnin Trim ba ya cirewa. Sai ka musanya shi da fili na yau da kullum tukuna.

Akawun Kawo:

Injiniya, Hajiya, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara girma. Jiya bayan sallar Isha'i na zauna da kwafin a kan kwamfutata, na yi yadda kuka ce. Teburin wucin gadi ya karɓi layuka 14,300 gaba ɗaya cikin ƙasa da minti guda, ba tare da kuskure 3052 ba, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai idan na tuna yadda ya wahalar da ni ranar Litinin.

Gurbin lambar waya kuwa Long Integer ne kamar yadda Injiniya ya yi hasashe, kuma sai yanzu na fahimci dalilin da ya sa wanda na gada a wannan aiki yake rubuta lambobin waya a gurbin ƙarin bayani. Na mayar da shi rubutu. Fayil ɗin Saminaka ne ke da cakuɗaɗɗun ranaku, na kira wakilin ya duba kwamfutarsa, ya tabbatar saitin Amurka ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, tun bara yake aiko da bayanai daga wannan kwamfutar, wato akwai ranakun da suka juye a cikin rumbun tun tuni ba mu sani ba. Daga cikin layuka 212, guda 170 maimaici ne na gaske, sauran kuma na wani sabon reshe ne da ban riga na buɗe masa lamba ba. Na kuma sami mutum 31 da suka shiga sau biyu saboda bambancin alamar da Hajiya ta bayyana.

Da asubar yau, kafin kowa ya zo, na kwashe tsaftatattun layukan zuwa ainihin rumbun, suka shiga lafiya. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo: da ma'aikata suka fara aiki, duk wanda ya yi ƙoƙarin yi wa sabon mamba rajista sai a nuna masa kuskure 3022, cewa lambar ta riga ta kasance, alhali lambar rumbun ne ke bayar da ita da kansa, ba mu muke rubutawa ba. Har ila yau akwai wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da laccdb da ya ƙi ɓacewa daga foldar ko da kowa ya rufe. Me na ɓata kuma?

Ɗan Barnawa:

Yaya Akawu, da izinin manya da suka riga ni magana, ni ina ganin ana ta ɗinkin tsohuwar riga ne kawai. Access ba a yi shi domin mutum bakwai su riƙa jan fayil guda ta Wi-Fi a garin da ake ɗauke wuta ba tare da sallama ba. Dalili kuwa shi ne, a tsarin Access kowace kwamfuta ce ke rubutu kai tsaye a cikin fayil ɗin, babu wani mai tsaron ƙofa a tsakani, don haka idan sadarwa ta yanke a tsakiyar rubutu sai a bar fayil ɗin rabi a rubuce, wanda shi ne abin da ya faru da ku har rumbun ya ƙi buɗewa. Ga kuma iyakar gigabait 2 da ba ya wucewa, kuma kowane shigar da bayanai da sharewa yana kumbura shi.

Shawarata ita ce ku mayar da teburan kan SQL Server Express, wanda kyauta ne, nau'in 2019 yana ɗaukar har gigabait 10 a rumbu guda, ko kuma PostgreSQL wanda ba shi da irin wannan iyakar. A can saba (server), wato manhajar da ke tsaron bayanan a kwamfuta guda, ce kaɗai ke taɓa fayil ɗin, idan sadarwar wani ta yanke sai ta soke aikinsa da bai kammala ba, sauran mutane su ci gaba. Fuskokin Access, wato fom-fom ɗin da ma'aikata suka saba da su, za su ci gaba da aiki ta hanyar ODBC, mahaɗar da ke sada Access da irin waɗannan rumbuna, ba sai an sake koya wa kowa komai ba. Idan kuma ba za ku yi haka yanzu ba, kuskure 3052 yana da sauƙi: adadin makullan da aka saita tun asali 9,500 ne, ana ƙara shi a rajistar Windows, inda Windows ke ajiye saitunanta, a wurin da ake kira MaxLocksPerFile. Kuma don Allah kada wani ya ba ku shawarar ɗora rumbun a OneDrive ko Google Drive domin wakilai su riƙa shiga daga Zariya, domin waɗannan kwafin fayil suke yi su daidaita, kowa zai ƙare da nasa rumbun daban.

Injiniya Tudun Wada:

Ƙanena na Barnawa, bayaninka game da yadda Access ke rubutu daidai ne, haka ma gargaɗin OneDrive, kuma nan da shekara guda ni ma abin da zan ce su yi ke nan. Amma ban yarda a yi wannan ƙaura a makon da ake jiran motocin taki ba, a ofishin da babu wanda ya taɓa kula da saba. Ka kuma lura cewa da a ce SQL Server suke amfani da shi, ranakun Saminaka da sun juye kamar yadda suka juye, sifilin lambar waya da ya faɗi tun a Excel, Sa'adu kuma da ya shiga sau biyu. Game da rajistar Windows, ban so a tura mutum can idan akwai wata hanya, domin wurin da saitin yake ya danganta da nau'in Office da ke kan kowace kwamfuta. Ana iya ƙara adadin na ɗan lokaci daga cikin VBA da umarnin DBEngine.SetOption, ko kuma a riƙa kwashe layukan kashi-kashi, dubu biyu ko uku a lokaci guda.

Malam Akawu, kuskure 3022 da kake gani sananne ne. Ina zaton lokacin da kake kwashe layukan ka haɗa har da gurbin AutoNumber, wanda rumbun ke ba wa lamba da kansa, wato ka shigar da lambobin da suka zo daga fayil ɗin wakilai. Idan aka yi haka, ma'aunin da ke ƙirga lamba ta gaba yakan koma baya ya tsaya a bayan lambar ƙarshe da aka cusa masa, sai ya fara bayar da lambobin da wasu suka riga suka mallaka. Ka sa kowa ya fita, ka ajiye kwafi, ka yi Compact and Repair, umarnin Access na matse rumbu da gyara shi, a kan kwamfutarka ba ta cikin hanyar sadarwa ba, sau da yawa wannan yakan daidaita shi. Idan bai daidaita ba, sai a sake saita ma'aunin da umarnin ALTER TABLE ya fara daga sama da lamba mafi girma, amma hakan yana buƙatar a kwance alaƙar teburin da sauran tebura na ɗan lokaci, don haka ka faɗa mini kafin ka taɓa. Daga yau kada ka ƙara haɗa wannan gurbin a cikin abin da kake kwashewa. Lambar katin da wakili ya bayar ta zauna a nata gurbin daban.

Fayil ɗin laccdb shi ne rajistar waɗanda ke cikin rumbun, kuma yakan share kansa idan mutum na ƙarshe ya fita. Idan ya ƙi tafiya, ko dai wata kwamfuta ta mutu ba ta yi sallama ba, ko kuma wanda ya fita ƙarshe ba shi da izinin sharewa a foldar. Ka buɗe shi da Notepad za ka ga sunayen kwamfutocin. Kowane ma'aikaci yana buƙatar izinin karantawa da rubutawa da ƙirƙira da sharewa a wannan foldar, ba a kan fayil ɗin kaɗai ba. Idan ka tabbatar babu kowa a ciki, ka share shi da hannu.

Sauran aikin na ƙarshen mako ne. A raba rumbun gida biyu, akwai Database Splitter a cikin Access da ke yin haka: teburan su zauna a folda ta tarayya, fuskoki da rahotanni kuma kowa ya sami nasa kwafin a kan kwamfutarsa, teburin wucin gadin ma ya zauna a naka kwafin domin kada ya riƙa kumbura na tarayya. Mutum huɗun da ke kan Wi-Fi a ja musu kebul, kuɗinsa bai kai wahalar kwana biyun da kuka yi ba. Na'urar da ke haɗa kebul ɗin ita ma a sa ta a kan UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ko inbata tare da kwamfutar da ke riƙe da rumbun, domin mutane sukan kare kwamfuta su manta da ita, alhali mutuwarta daidai take da yanke wayar. A hana kwamfutar shugaban ofis yin barci a lokacin aiki. Idan kuma bayan duk wannan rumbun ya ci gaba da cewa yana cikin yanayi marar daidaito, akwai matsalar da Microsoft ta amince da ita tun daga Windows 10 nau'in 1803 na shekarar 2018, wadda maganinta shi ne kunna DisableLeasing a kan kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin, amma wannan kam sai wanda ya san rajista ya zo ya yi muku.

Akawun Kawo:

Yallaɓai Injiniya, haka ne, na haɗa da gurbin lambar, domin na ɗauka idan na bar shi lambobin katin za su saɓa da na rumbun. Compact and Repair ya gyara shi, an yi wa mutum tara rajista da yammacin nan ba tare da matsala ba. A cikin fayil ɗin laccdb na ga sunan kwamfutar ma'ajinmu, wadda batirinta ya lalace tun watan jiya, tana mutuwa da zarar an ɗauke wuta. Shugaba ya amince a sayo kebul da ƙaramin UPS ranar Asabar, kuma na nuna masa shawarar ƙanenmu na Barnawa, ya ce a dawo da maganar bayan girbi.

Abin da ya rage mini shi ne ranakun Saminaka na bara, waɗanda suka riga suka juye a cikin rumbun. Na fitar da duk layukan reshen da ranarsu ba ta wuce 12 ba, sun kai 640, na cire waɗanda rana da wata suka zo ɗaya tunda juyawa ba ta canza su. Sai dai wakilin ya ce akwai watannin da ya yi amfani da kwamfutar wani shagon buga takardu, don haka ba zan iya juya su gaba ɗaya da umarni guda ba. Hajiya, ranki ya daɗe, a irin wannan yanayin kuna kwatanta ranar da aka rubuta da ranar da fayil ɗin ya iso ofis ne, ko kuwa babu makawa sai na sa an kawo mini littattafan rasit daga Saminaka?